Darasin sanin jiki: tsokar da ke riƙe da allon kafaɗa

1. MU KARANTA

Ina da ƙane ɗan kokowa. Wata shekara, bayan an gama yankan hatsi, samarin ƙauyenmu suka gayyaci na ƙauyen da ke gabas da mu. Aka yi da'ira a fili, makaɗa suka saki ganga. Ƙanena yana da shekara 19. Ya kada mutum 2. A karo na 3 aka ɗaga shi, ya faɗo bisa hannunsa na dama. Da ya tashi, sai muka ga kafaɗar ta sauya kama, hannun kuma ya ƙi motsi.

Abokansa suka ce: «Mu ja hannun, ya koma.» Na hana su. Muka ɗora shi bisa amalanke, muka kai shi gidan likita. Aka ɗauki hoton ƙashi. Babu karaya, amma kan ƙashin damtse ya goce daga mazauninsa. Likita ya maida shi, ya rataye hannun da ƙyalle, ya ce a bar shi haka sati 3.

Ranar da aka kwance ƙyallen, ƙanena ya yi murna. Amma da ya so ya ɗauko kwando daga bisa rumfa, hannun ya tsaya a hanya. Kafaɗar ta haye har kusa da kunnensa, ciwo ya soke shi.

Da dare ya zo ɗakina, ya zauna, ya ce: «Yaya, Baba ya tsufa. Kai kana lakwal da yara. In ruwa ya sauka, wa zai riƙe sungumi?»

Ban da amsa a daren nan. Da safe muka koma gidan likita. Aka aika mu babban asibiti, wajen likitan da ke gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Ya sa ƙanena ya tuɓe riga, ya tsaya bayansa, ya ce ya ɗaga hannu. Sannan ya aza yatsa a tsakiyar bayansa, ƙasa da allon kafaɗa, ya ce: «Malam, duba nan. Ƙashi ya koma wurinsa. Amma tsokokin da ke riƙe da shi sun yi barci. Wannan ta ƙasa tana cikin waɗanda za mu tayar.»

Wannan tsoka ce za mu koya yau.

2. MU DUBA JIKINMU

Ku tashi biyu-biyu, maza da maza, mata da mata.

Gwaji na 1. Aza tafin hannunka bisa bayan abokinka, ƙasa da kafaɗa. Za ka ji wani ƙashi mai faɗi, mai kusurwa 3. Shi ne allon kafaɗa. Nemi tsininsa na ƙasa, ka riƙe shi da yatsu 2. Abokinka ya ɗaga hannu sannu-sannu har sama. Mi ka ji? Tsinin yana tafiya, yana nufar hammata.

Gwaji na 2. Zauna bisa benci, ka lanƙwashe baya kamar mai gyangyaɗi. Ɗaga hannu iyakar iyawarka. Yanzu miƙe baya, ka sake ɗagawa. A wane zama hannun ya fi yin sama?

Gwaji na 3. Taɓa gindin wuyanka ta gaba. Akwai wani siririn ƙashi a kwance. Bi shi da yatsa har ƙarshensa. Ina ya kai ka?

3. MU GANE

Ƙasusuwa. Babban mutum yana da ƙashi 206. Guda 3 daga cikinsu ne suka haɗu suka yi kafaɗa: ƙashin damtse, allon kafaɗa, da siririn ƙashin nan na gindin wuya.

Kan ƙashin damtse a mulmule yake, kuma babba ne. Mazauninsa a jikin allon kafaɗa ƙarami ne, ba shi da zurfi. Kun san yadda tulu ke zama bisa gammo. Haka kan ƙashin ke zama bisa mazauninsa. Shi ya sa hannu ke juyawa ta ko'ina: gaba, baya, gefe da sama. Shi ya sa kuma, cikin manyan gaɓoɓin jiki, kafaɗa ta fi saurin gocewa.

Allon kafaɗa ba a manne yake da haƙarƙari ba. Kwance yake bisansu, yana zamewa. Ƙashi ɗaya tak ya haɗa shi da sauran ƙwarangwal, wato siririn ƙashin gindin wuya. Sauran riƙon duka na tsoka ne. Tsoka 17 ke kama da allon kafaɗa. In gammo yana rawa, tulu ba ya zama lafiya. In allon kafaɗa yana rawa, hannu ba ya aiki lafiya.

Tsokar tarafez. Ɗaya daga cikin manyan tsokokin nan sunanta tarafez. Da Faransanci ana rubuta «trapèze». Kun san wannan suna a darasin lissafi. Akwai tsoka ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kowace mai kusurwa 3 ce. In aka haɗa su, sai su ba da sura mai kusurwa 4. Daga nan sunan ya fito.

Tarafez ta faro daga ƙeya, ta bi gadon baya ta sauka. Gadon baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sannan na ƙasa da suka manne. Tarafez ta kai har ƙashi na 12 na bayan ƙirji. An raba ta kashi 3.

Ta sama tana tsakanin wuya da kafaɗa. Ita ke ɗaga kafaɗa in ka ce «oho».

Ta tsakiya tana jan allon kafaɗa zuwa gadon baya.

Ta ƙasa ta taso daga ƙasusuwan bayan ƙirji na ƙasa, ta hau a karkace, ta kama allon kafaɗa ta gefen da ke kusa da gadon baya. Tana jan shi ƙasa da ciki.

Wata jijiya ce ke kawo wa tarafez umurni. Tana cikin jijiyoyi 12 da ake ƙirgawa a kai, ita ce ta 11. Tana bi ta gefen wuya, ba nisa da fata. Saboda haka yanka ko sara a gefen wuya yana iya raunana tsokar.

4. ƘAƘA HANNU KE KAI SAMA?

Daga cinya zuwa sama tsaye, hannu yana yin digiri 180. Gaɓar kafaɗa ita kaɗai ba ta iya wannan tafiya duka. Tana yin kamar digiri 120. Sauran 60 ɗin allon kafaɗa ne ke bayarwa, in ya juya. Wato in hannu ya hau digiri 3, gaɓa ta ba da 2, allo ya ba da 1. Wani likita a Amurka mai suna Inman, shi da abokan aikinsa, suka bayyana wannan lissafi a 1944.

Wa ke juya allon? Ku ɗauko allunanku na rubutu, ku kwantar bisa tebur. Mu ce wannan allon kafaɗar dama ne, muna kallonsa ta baya. Gadon baya yana hagu, hannu yana dama. Yara 3 su zo.

Na 1 ya tura kusurwar dama ta sama, ya yi sama da ita. Shi ne tarafez ta sama.

Na 2 ya aza yatsa a gefen hagu, ya ja ƙasa. Shi ne tarafez ta ƙasa.

Na 3 ya kama gindin allon, ya ja shi dama. Shi ne wata tsoka mai baki kamar zarto, wadda ke kwance bisa haƙarƙari, ƙasa da hammata.

Mi ya faru? Allo ya juya, gefensa na dama ya dubi sama. Yanzu na 2 ya cire yatsansa, na 3 ya sassauta. Na 1 ya tura shi kaɗai. Allo ba ya juyawa daidai, sai dai ya haye ko ya karkace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya samu ƙanena ke nan. Ta sama tana aiki ita kaɗai. Kafaɗa tana hawa kunne, hannu kuwa ba ya kai sama.

Akwai wani abu kuma. Bisa kan ƙashin damtse, allon kafaɗa ya yi wata ƴar rumfa ta ƙashi. Tsakanin rumfar da kan ƙashin akwai rata kamar santimetir 1. Ta cikin ratar jijiyar wata tsoka ke wucewa. Tana cikin ƙananan tsokoki 4 da suka kewaye kan ƙashin, suna danne shi bisa mazauninsa. In allon kafaɗa yana juyawa daidai, aikinsu yana sauƙi. In ba ya juyawa, nauyi yana ƙaruwa bisansu.

5. MI KE RAUNANA TARAFEZ TA ƘASA?

Rashin aiki. Tsokar da ta yi sati 3 ba motsi tana ramewa.

Ciwo. In gaɓa tana ciwo, jiki yana rage aikin tsokokin da ke kewaye da ita. Masu bincike sun lura cewa, ga mutane da yawa masu ciwon kafaɗa, tarafez ta sama tana aiki da yawa, ta ƙasa kuwa tana makara ko tana yin kaɗan.

Zama wuri ɗaya a duƙe. Ɗalibi bisa tebur, tela bisa keke, saurayi bisa wayarsa: baya ya lanƙwashe, kafaɗu sun faɗo gaba, tsokokin baya suna hutu.

Mu tuna da wannan: ƙato ma yana iya rasa ƙarfi a nan. A 1975 aka fara kokowar ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya. Har yau yaro yana kallon ƙirjin ɗan kokowa da damtsensa, ya ce ga ƙarfi. Ba ya kallon bayansa. Alhali damtse bisa allon kafaɗa ya dogara, allon kafaɗa kuma bisa tsokokin baya.

6. MU MOTSA JIKI

Ba a bukatar kayan kanti. Tabarma, bango, zane a naɗe, da kwalba mai rabin litir sun isa. Rabin litir na ruwa garam 500 ne. An jera motsin daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Motsi na 1: saukar da allo. Zauna ka miƙe baya. Ja allunan kafaɗunka baya kaɗan, ka sauke su, nesa da kunne. Kada ka matse da ƙarfi. Ƙirga 5, ka saki. Yi sau 10.

Motsi na 2: hannu a gefe. Kwanta rub da ciki bisa tabarma. Aza goshi bisa zanen da aka naɗe. Hannuwa a miƙe kusa da cinya. Sauke allunan kafaɗu, sannan ka ɗaga hannuwa daga ƙasa kamar faɗin tafi. Ƙirga 3, ka sauke sannu. Yi sau 10.

Motsi na 3: buɗe ƙofa. Kwanta bisa gefen da ke lafiya. Sa zane tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari. Lanƙwasa gwiwar hannun, tafi yana gaban ciki. Ɗaga tafin sama kamar ana buɗe ƙofa, gwiwar hannu tana wurinta. Sauke sannu. Yi sau 10. Fara da hannu wofi. Daga baya ka riƙe kwalba.

Motsi na 4: hawan bango. Tsaya kana fuskantar bango. Aza hannuwa jikinsa, daga gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa. Zame su sama, suna rabuwa kaɗan, har jikinka ya yi surar harafin Y. Kafaɗu kada su taɓa kunne. Sauko sannu. Yi sau 10.

Motsi na 5: gwafa. Kwanta rub da ciki. Miƙa hannuwa gaba da kai, a buɗe kamar rassan gwafa. Manyan yatsu su dubi sama. Ɗaga hannuwa daga tabarma kaɗan. Ƙirga 3, ka sauke. Wannan ya fi sa tarafez ta ƙasa aiki, domin hannu yana bin layin da tsokar ta bi. Shi ya fi wuya, shi ya sa ya zo ƙarshe.

Ƙa'idodi:

A yi numfashi. Kada a riƙe shi.

A yi sannu. Wurga hannu ba motsa tsoka ba ne.

A ji aikin a tsakiyar baya. In wuya ne ke zafi, ta sama ta ƙwace aikin: a rage tsawon ɗagawa.

In 10 ta yi sauƙi, a huta minti 1, a ƙara 10. In 30 ta yi sauƙi, sannan a ƙara nauyi kaɗan.

A yi yau, a huta gobe. Kwana 3 a sati ya isa.

Tsoka ba ta girma cikin kwana 7. Ana ganin canji bayan sati 6 zuwa 12.

7. HATTARA

Mai lafiya yana iya yin motsin nan 5 a filin lakwal. Wanda ya ji rauni kuwa, sai likita ya duba shi, ya faɗa masa da wanne zai fara, da ranar da zai fara. Bayan gocewar kafaɗa, motsi na 3 da na 5 suna iya sake fidda ƙashin in an yi su da wuri.

Gajiyar tsoka ba laifi ba ce. Amma in ciwo ya soke ka kamar ƙaya, tsaya. In ciwon ya ƙaru har wayewar gari, ka yi da yawa.

A kai mutum gidan likita nan da nan:

in kafaɗa ta sauya kama bayan faɗuwa;

in hannu ya mutu, ko yatsu sun yi sanyi;

in bai iya ɗaga hannu ko kaɗan;

in kafaɗa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi;

in ciwon kafaɗa ko na hannu ya zo tare da ciwon ƙirji, zufa da wahalar numfashi. Wannan yana iya zama ciwon zuciya.

Kada a ja hannun wanda ya faɗi. Ido ba ya bambanta gocewa da karaya. Ja yana iya ƙara karya ƙashi ko ya lalata jijiya. A tallafe hannun da ƙyalle yadda yake, a tafi.

8. ƘARSHEN LABARI

Da likita ya nuna wa ƙanena motsi na 1 da na 2, sai ya yi dariya. A hanya ya ce mini: «Yaya, ni da ke ɗaukar buhun hatsi, a ce in kwanta bisa tabarma ina ɗaga hannu wofi?»

Na ce: «Gwada 10 mu gani.»

Ya yi 6. A na 7 hannun ya fara rawa. Bai sake dariya ba.

Na zana masa layuka a bangon ɗaki da alli. Duk ranar da ya yi motsi, ya ja layi 1. A sati na 2 ya gaji, ya ce ba ya ganin komi. A ɓoye ya tafi rijiya, ya ja guga cike. Ciwo ya dawo, ya yi kwana 5 ba motsi. Inna ta ce masa: «Sannu ba ta hana zuwa.» Ya koma tabarma.

A sati na 6 likita ya bar shi ya fara hawan bango. A sati na 9 ya fara gwafa. A sati na 12 ya ɗauko kwandon nan daga bisa rumfa, kafaɗarsa ba ta hau kunne ba.

Da ruwan shuka ya sauka, shi ya riƙe sungumi. Baba da ƙannenmu mata suna bin sa da iri. Gonar ta shuku duka.

Da kaka ta zo, makaɗa suka kira sunansa. Bai shiga fili ba. Likita ya riga ya gaya masa cewa kafaɗar saurayi, in ta goce sau 1, tana da saurin sake gocewa, kuma motsa jiki yana rage haɗarin amma ba ya kawar da shi. Ya tsaya bakin fili yana kallo. Na ga abin ya yi masa zafi. Amma ya ce mini: «Yaya, fili yana nan baɗi. Gona ba ta jira.»

9. ABIN RIƘEWA

Hannu ya dogara bisa allon kafaɗa. Tsokoki ne ke riƙe da allon kafaɗa.

Tarafez kashi 3 ce: ta sama, ta tsakiya, ta ƙasa.

Ta ƙasa tana jan allon kafaɗa ƙasa da ciki. Tana taimaka masa ya juya in an ɗaga hannu. Ba ta aiki ita kaɗai.

Bayan rauni, komawar ƙashi wurinsa rabin warkewa ce. Sauran rabin aikin tsoka ne, kuma yana son haƙuri.

Likita tukuna, motsa jiki daga baya.

10. SABABBIN KALMOMI

kafaɗa: l'épaule
allon kafaɗa: l'omoplate
ƙashin gindin wuya: la clavicule
ƙashin damtse: l'humérus
gadon baya: la colonne vertébrale
tsoka: le muscle
gaɓa: l'articulation
gocewar ƙashi: la luxation
karaya: la fracture
likitan gyaran gaɓoɓi: le kinésithérapeute

11. TAMBAYOYI

1. Ƙashi nawa suka haɗu suka yi kafaɗa? Faɗi sunayensu.
2. Don mi kafaɗa ke saurin gocewa?
3. Daga ina tarafez ta faro? Ina ta ƙare?
4. Mi ne ne aikin tarafez ta ƙasa?
5. Don mi malam ya hana a ja hannun ƙanensa?
6. Mi ya faru ranar da saurayin ya ja guga a ɓoye?
7. In kai ne shi, za ka shiga fili da kaka? Don mi?

12. AIKI

Lissafi. Hannu ya hau digiri 90. In gaɓa tana ba da kashi 2 cikin 3, digiri nawa ya rage wa allon kafaɗa?

Lissafi. Wani yana motsi kwana 3 a sati, har sati 12. Layi nawa zai ja a bango?

Zane. Zana bayan mutum a littafinka. Sa gadon baya da allunan kafaɗu. Shafa wa tarafez ta ƙasa launi ja.

Bincike. Tambayi mutum 3 a gidanku: mai daka, mai jan ruwa, mai noma. Kafaɗarsu tana ciwo? Wane aiki ke tayar da ciwon? Mi suke yi in ya taso? Rubuta amsoshin, ka kawo aji ranar Littinin.